LITTAFIN DA MAI SHI YA CE A KWAFA: TSAKANIN HAƘƘIN MARUBUCI DA HAƘƘIN ƊAN TALAKA



Akwai tambayar da malaman makaranta suka sha aiko mini, kuma duk da ba su san juna ba, lafazinsu kusan ɗaya ne. Malami zai ce: "Malam, ajina yara sun haura tamanin, masu littafin lissafi ba su kai goma ba. Wani ya ɗauki hoton littafin shafi-shafi ya mayar da shi PDF, ga shi nan yana yawo a WhatsApp. In na tura wa iyaye, ko na kai shagon fotokwafi na buga na raba wa yara, lada zan samu ko alhaki zan ɗauka?"

Tambayar tana da nauyi, domin duk ɓangaren da ka waiwaya za ka tarar da mai haƙƙi a tsaye.

Ga yaro can. Ubansa bai ƙi saya masa littafi ba, abin ne ya fi ƙarfinsa. 'Ya'ya shida, kowanne da darussa kusan goma, ga cefane, ga haya. Yaron nan duk abin da ya sani na lissafi shi ne abin da ya iya kwafa daga allo kafin a goge. In ya kwafa da kuskure, kuskuren zai haddace, don ba shi da inda zai duba. Ranar WAEC ko NECO kuwa takarda iri ɗaya za a miƙa masa da wanda yake da littafi uku a gida.

Ga marubuci nan kuma. Ya yi shekara biyu ko uku yana raba dare. Ya biya mai zane, ya biya mai gyaran rubutu, wataƙila bashi ya ci ya kai maɗaba'a. Shi ma yana da iyalin da suke jiran cefane. Littafi ya fito da sati biyu, sai ya gan shi a wayar wani ana rabawa kamar goron biki. Ku tambayi marubutan littattafan Hausa a Kano, za su ba ku labarin ɗacin wannan abu.

To, wane ne za a ce ya haƙura?

ABIN DA NA NATSU DA SHI

Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar OIC ta zauna a kan wannan mas'ala a taronta na biyar, a Kuwait, cikin Disamba 1988. Abin da ta tsayar shi ne haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a take karewa, masu su suna da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka saɓa, musamman a kan littattafan addini, amma wannan ne ra'ayin da zuciyata ta fi natsuwa da shi. Dokar ƙasa ma can ta dosa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, tana kare rubutun marubuci tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Ta bar ƙofa ga mai ɗauko ɗan yanki don nazari ko koyarwa. Amma ɗan yanki daban, kwashe littafi sukutum daban.

Wani zai ce, ai ɓoye ilimi babban laifi ne. Haka ne, wallahi. Amma wanda ya rubuta littafi ya kai shi kasuwa bai ɓoye ilimi ba, ya fito da shi ne. Ba ƙa'idar lissafin yake sayarwa ba, wannan ta kowa ce, kana iya koyar da ita ga duk wanda ka so ba tare da neman izinin kowa ba. Abin da yake sayarwa shi ne wahalar da ya sha wajen tsarawa da bugawa. Malamanmu na Malikiyya tun tuni suka halatta wa malami karɓar ladan koyarwa, duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta wurin. Talaucin Audu ba ya mayar da dukiyar Tanko halal.

Sai dai ina ganin in mai wa'azi ya tsaya a nan, ya ce wa malamin nan "bari" ya juya ya tafi, bai gama aikinsa ba. Gobe da safe yara tamanin ɗin nan suna nan zaune, littafi kuma babu. Wanda ya rufe wa mutum ƙofa, adalci ya nuna masa wadda take buɗe. Kuma akwai ta.

ƘOFA TA UKU

A Afrilun 2001 jami'ar MIT da ke Amurka ta sanar da cewa za ta zuba kayan darussanta a intanet, kowa ya ɗauka ba ko sisi. A shekarar ce kuma aka kafa wata ƙungiya mai suna Creative Commons, wadda ta fitar da lasisinta na farko a Disambar 2002. A 2002 ɗin dai hukumar UNESCO ta yi wani taro a Faris, inda aka raɗa wa irin waɗannan kaya suna, wanda a Hausa zan kira shi buɗaɗɗun kayan karatu. A Nuwambar 2019 ƙasashen da ke cikin UNESCO suka amince da wata takardar shawara a kansu, wadda a cikinta ake kwaɗaitar da gwamnatoci cewa kayan karatun da aka yi da kuɗin jama'a a sake wa jama'a su.

Mene ne buɗaɗɗen kayan karatu? Littafi ne, ko bidiyo, ko shirin darasi, ko tambayoyin gwaji, wanda mai shi da kansa ya rubuta a jikinsa cewa ya yarda a kwafa, a raba, a gyara. Ko kuma wanda wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare ya zama na kowa. Wani masani ɗan Amurka, David Wiley, ya tattara izinin gida biyar: ka ajiye kwafinka ya zama naka, ka yi aiki da shi a duk inda ka so, ka gyara shi ko ka fassara, ka haɗa shi da wani ka fitar da sabo, ka kuma raba wa wasu.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, don haka a kula. Ba duk abin da ka samu kyauta ne buɗaɗɗe ba. PDF ɗin da ke yawo a WhatsApp kyauta ka same shi, amma mai shi bai bayar ba. Bidiyon da ke YouTube kyauta kake kallo, amma yawanci ba a ba ka izinin yanka shi ka ɗora muryar Hausa ka raba ba. Abin da ya raba su izini ne. Tuwon da aka ce maka bismillah da tuwon da ka ɗauka a bayan idon mai gida, ɗanɗanonsu ɗaya ne a baki, amma ba ɗaya ba ne a wurin Allah.

Ta yaya za ka gane? Ka duba shafin farko ko ƙasan shafi, za ka ga haruffa CC da wasu a gefensu. BY na nufin ka ambaci sunan mai shi. SA na nufin in ka gyara, to abin da ka fitar shi ma ka sake shi a kan irin wannan sharaɗi. NC na nufin ban da kasuwanci. ND na nufin ka raba yadda yake, kada ka canza. Wannan na ƙarshe ya hana ka raba fassara, shi ya sa masana harkar da yawa ba sa lissafa shi cikin buɗaɗɗu na sosai.

RIJIYAR RUMA

Da na fara fahimtar wannan tsari, abin da ya faɗo mini a rai shi ne wakafi. Ban ce hukuncinsu ɗaya ne ta kowace fuska ba, wannan aikin majalisar malamai ne. Amma kamannin a bayyane yake. Mai wakafi ya mallaki abu, ya sake amfaninsa ga jama'a da yardarsa, ya gindaya sharaɗi, malaman fiƙihu kuma suka ce a kiyaye sharaɗin nasa matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Haka lasisin nan yake. Har ma da rashin janyewa: wanda ya saki littafinsa da lasisin Creative Commons ba ya iya dawowa gobe ya ce wa waɗanda suka riga suka ɗauka su dawo masa da abinsa.

Ku tuna rijiyar Ruma a Madina. Mutane suna buƙatar ruwa, mai rijiya yana sayarwa. Buƙata ta gaske ce, ba ta wasa ba, don ruwan sha ne. Amma duk da haka ba a ce jama'a su je da dare su ɗiba ba, ba a kuma ƙwace rijiyar ba. An kwaɗaitar da mai hali ya saya, Sayyidina Usman bin Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya biya kuɗinta ya bar wa jama'a, gugansa kamar gugan kowa. Mai rijiya ya karɓi haƙƙinsa, mai ƙishi ya sha. Babu wanda aka zalunta.

Wannan shi ne amsar da nake ba malamin da ya yi tambaya. Rikicin haƙƙin marubuci da haƙƙin ɗan talaka ba a warware shi da sata, ba a kuma warware shi da barin yaro cikin jahilci. Ana warware shi ne in an samu wanda zai biya sau ɗaya, ko mai abin ya sadaukar da kansa, sannan a buɗe wa kowa.

Littafin ma ya fi rijiya ta wata fuska. Rijiya in an matsa mata da ɗiba tana ja baya. Littafin da ke cikin waya kuwa, in mutum dubu suka kwafa, na hannunka bai ragu da ko harafi ɗaya ba. Kamar ka kunna wa maƙwabci fitilarsa daga taka ne. Wahalar tana wurin rubuta na farko. In an biya wannan, sauran sai kuɗin takarda.

ME MALAMI ZAI SAMU?

Kada a ɗauka zance ne na fatar baki. Kayan suna nan.

A Afirka ta Kudu, a 2002, wani ɗalibin jami'ar Cape Town mai suna Mark Horner da abokansa suka fara rubuta littattafan kimiyya da lissafi na sakandare don a raba kyauta. Aikin ne ya girma ya zama Siyavula, har gwamnatin ƙasar ta buga miliyoyin kwafi ta raba wa makarantu. A Amurka, jami'ar Rice ta ƙaddamar da OpenStax a 2012. Ana biyan masana su rubuta, wasu masanan su duba, gidauniyoyi su ɗauki nauyin kuɗin, sannan a saki littattafan fiziks da bayoloji da lissafi da sauransu kowa ya sauke. Malamin sakandare da yake son ya sake wasa ƙwaƙwalwarsa kafin ya shiga aji, ga wurin zuwa.

Akwai TESSA, shirin horar da malamai da Open University ta Ingila ta fara a 2005 tare da cibiyoyin Afirka, cikinsu har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna. Darussa ne a kan yadda malamin firamare zai koyar da karatu da lissafi da kimiyya da abin da ke kusa da shi, ko da ajin ya cika maƙil. Suna nan da Turanci da Faransanci da Larabci da Suwahili. Akwai African Storybook, wanda wata cibiya a Afirka ta Kudu mai suna Saide ta buɗe a 2014, ɗauke da littattafan labarin yara masu hotuna a harsunan Afirka, har da Hausa. Kana iya saukewa, ka buga, ka fassara wanda ba a fassara ba.

Amfanin farko ga malami shi ne lokaci. Malamin da zai kwashe rabin darasi ya juya wa yara baya yana cika allo da rubutu, in kowane benci yana da takarda a gabansa, wannan lokacin sai ya koma na bayani da tambaya da amsa.

Na biyu, kuma a wurina shi ya fi girma, shi ne ikon gyara. Littafin da aka rubuta a Amurka zai koyar da rabi da kwata da hoton wani abinci da yaron Ɗanbatta bai taɓa gani ba. Malami sai ya cire ya sa gurasa. Dala ta koma naira, ƙanƙarar da ke sauka daga sama ta koma hazon hunturu, sunayen yaran cikin labari su koma Binta da Sani. In akwai hoto ko misalin da bai dace da tarbiyyarmu ba, ya cire shi da cikakken izini. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Littafin da aka kulle, ko ka ɗauke shi duka ko ka bar shi duka. Buɗaɗɗe kuwa ya mayar da malami mai ruwa da tsaki a cikin abin da yake koyarwa.

Dubi ko tsakaninmu da 'yan uwanmu na Nijar. Labarin yara da malama ta tsara a Katsina zai yi aiki a Maraɗi ko Damagaram, amma ƙa'idar rubutunmu ta ɗan bambanta: abin da muke rubutawa 'y, su harafi mai lanƙwasa suke sa masa, ga kuma kalmomin da muka aro daga Turanci su suka aro daga Faransanci. Da izinin gyara, malamin can zai daidaita shi cikin yini guda ba tare da ya jira kowa ba.

Na uku shi ne kwanciyar hankali. Malamin da ke koya wa yara cewa sata haramun ce, bai kamata littafin da ke hannunsa ya zama abin da zai ji kunya in mai shi ya shigo ajin ba. Yara suna gani fa. Abin da suka ga muna yi ya fi zama a ransu a kan abin da suka ji muna faɗa.

ME ƊALIBI ZAI SAMU?

Abu na farko, littafi tun ranar farko ta zango, ba sai an jira albashi ko an sayar da amfanin gona ba. Kuma nasa ne. Ba na aro ba ne da za a karɓe daren jarrabawa.

Sannan akwai abin da makarantarsa ba ta da shi. Makarantu nawa ne ɗakin gwaje-gwajensu suna ne kawai? Wani masanin fiziks, Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2001, ya kafa PhET a jami'ar Colorado a 2002. Gwaje-gwaje ne da ake yi a fuskar waya ko kwamfuta. Yaro zai haɗa batir da waya da ƙwan fitila, ya ƙara batir ya ga haske ya ƙaru, ya katse waya ya ga ya mutu. Bai kai taɓa abin da hannu ba, amma ya fi haddace zane daga allo nesa ba kusa ba. Ana kuma iya sauke su a yi aiki da su ba intanet.

Ina kuma tuna yarinyar da aka yi wa aure tana son ta ƙarasa karatu daga ɗakinta, da almajirin da ya sauke Alƙur'ani yana son ya koyi lissafi da boko amma yana jin nauyin zama aji ɗaya da ƙananan yara, da magidancin da ke kasuwa da rana. Waɗannan littafi ba ya tambayarsu shekara, ba ya yi musu dariya in sun maimaita shafi sau biyar. Jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, NOUN, ita ma tana ajiye littattafan kwasa-kwasanta a intanet, mai so yana iya saukewa.

INDA GIZO KE SAƘA

Ba zan ɓoye muku matsalolin ba.

Za a ce, Malam, wa ke da data, wa ke da wuta? Gaskiya ne, kuma wanda ya fi buƙatar littafin shi ne ya fi rashin waya. In ba a yi hattara ba, ɗan mai hali ne zai ƙara samun kyauta a kan abin da yake da shi. Amma a nan ma izinin ne ke ceto. Tun da an yarda a kwafa, mutum ɗaya ya sauke ya isa. Sauran sai Xender, ko memori, ko a buga a takarda. Akwai manhajar Kolibri da aka ƙera musamman don makarantun da ba su da intanet, akwai Kiwix da ke ɗauke da Wikipedia ba tare da data ba. Ƙungiyar iyaye da malamai tana iya haɗa kuɗin takarda, wanda bai kai kuɗin sayen littafi ba. Wahala ba ta ƙare ba, amma ta ragu, kuma ta koma irin wadda unguwa za ta iya ɗauka.

Za a ce araha ba ta ado, abin kyauta ba ya inganci. Wani yana da inganci, wani tarkace ne, kamar dai yadda littattafan kasuwa suke. Farashi ba shaidar inganci ba ne, kyauta ma haka. Nauyi yana kan malami ya karanta kafin ya raba, ya duba wa ya rubuta, wa ya tantance, ya kuma gwada shi da manhajar da ake jarraba yaransa a kai. Bambancin shi ne in ka ga kuskure a buɗaɗɗen littafi kana iya gyarawa a yau, ba sai ka jira bugu na gaba ba.

Za a ce yara za su raina malami su dogara da waya. Magabata sun daɗe suna jan kunne a kan wanda ya mayar da littafi shi kaɗai ne malaminsa, don kuskurensa yakan rinjayi daidansa. Wannan gargaɗi yana nan daram. Littafi ba ya ganin fuskar yaro ya gane bai fahimta ba. Ba ya koyar da ladabi. Gatari ne a hannun malami, kuma gatari ba ya sara da kansa.

Za a ce, in komai ya zama kyauta, marubuci me zai ci? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce ƙarfi, kuma na riga na nuna amsarta a rijiyar Ruma: sai an samu mai saya. Babu wanda ya ce marubuci ya yi aikin banza. Wanda ya zaɓi ya sayar da littafinsa, haƙƙinsa ne, ba a zarginsa. Abin da nake ƙi shi ne wani abu daban, wato malamin da ke tilasta wa ɗalibai sayen takardunsa yana ɗaura makinsu a kan sayen. Wannan ba ciniki ba ne, don ciniki sai da yarda.

MU MA MU ZAMA MASU BAYARWA

A nan ne nake son in ɗan ja kunnenmu. Duk sunayen da na lissafa, kun lura yawancinsu daga waje suke. Mu har yanzu masu miƙa hannu ne. Alhali guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Babu wanda zai zo daga Faris ya rubuta mana littafin kimiyyar firamare da Hausar da yaron Gumel zai gane.

Malamai nawa muka sani da suka yi shekara talatin suna koyarwa, suka gano dabarar da ke sa yaro ya fahimci raba dogon lissafi ko ƙa'idar nahawu cikin sauƙi, suka rubuta a littattafan shirin darasinsu, sannan suka yi ritaya? Ina takardun? Suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, gara tana ci. Ranar da aka ɗauki mai su zuwa makwanci, ilimin ya bi shi. Sabon malami kuma ya zo ya fara daga farko, kamar ba a taɓa koyar da darasin a garin ba. Mun sani ilimin da ake amfana da shi yana cikin abin da ladansa ba ya yankewa bayan mutuwa. To, ta yaya za a amfana da abin da ke kulle a akwati?

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kafin zuwan maɗaba'a, da hannu ake kwafar littafi a ƙasar Hausa da Borno. Ɗalibi ya ari na malaminsa ya kwafa, ya rubuta sharhi a gefe, wani ya kwafa daga nasa. Amma suna kiyaye abu guda: sunan mawallafi ba ya ɓacewa, mai kwafa ma yakan sa sunansa a ƙarshe ya roƙi addu'a. Malamai suna ganin jingina magana ga mai ita yana daga cikin albarkar ilimi. Yau fa? Mutum zai ɗauki rubutun wani a Facebook, ya goge sunan, ya manna a shafinsa, in ya yi kirki ne ya rubuta "kwafi" a ƙasa. Sharaɗin BY da na ambata, ai tarbiyyar da muka gada ce muka yar, wasu suka mayar da ita doka.

Don haka ga kirana.

Malamai, ku haɗu ku biyar ko goma masu darasi ɗaya, kowa ya kawo abin da ya fi ƙwarewa a kai, ku tace, ku ba wanda ya fi ku sani ya duba, ku rubuta izini a shafin farko, ku saki. Ku tabbata abin da kuka saki naku ne, ba na wani kuka kwaso ba, don ba a sadaka da kayan mutane. Wanda ba zai iya rubuta sabo ba, ya fassara labarin yara guda ɗaya. Aikin yamma ɗaya ne.

Masu hali, Allah Ya saka muku a kan masallatai da rijiyoyin da kuke ginawa. Ku ƙara da wannan. Ku nemi marubucin da littafinsa ya karɓu, ku biya shi farashin da ya yarda da shi, a saki littafin ga kowa. Ko ku ɗauki nauyin malamai su rubuta sabo. Rijiya tana shayar da unguwa ɗaya, littafin nan kuwa zai kai inda ƙafarku ba za ta taɓa takawa ba.

Hukumomi, littafin da aka rubuta da kuɗin baitulmali na jama'a ne. A biya marubuta da kyau sau ɗaya, a buɗe littafin, duk maɗaba'ar da ke Kano ko Zariya ko Sakkwato ta buga, gasa ta sauko da farashi.

Kai kuma malam mai tambaya, ga shawarata a taƙaice. Littafin da mai shi bai yarda ba, ka bar tura shi. In za ka iya samun marubucin ko kamfanin, ka nemi izini, sau da yawa mai tambaya yakan dace. Ka sayi kwafi ɗaya na halal ka riƙa koyarwa da shi. Sannan ka nemi buɗaɗɗen da ya yi daidai da darasinka, ka gyara shi ya dace da yaranka, ka ambaci mai shi, ka raba hankalinka kwance. In ka gyara ya yi kyau, kada ka riƙe, ka miƙa wa malamin makarantar gaba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya saka wa malamanmu da alheri. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum.